RA'AYINMU: Tsamin jiki ba dalilin shan ƙwaya ba ne

Tun daga 2008 ake gudanar da gasar gudun fanfalaki ta kilomita 42 a Parakou, kuma duk lokacin da ta gabato sai ka ga matasa da magidanta sun koma fili bayan watanni suna zaune. Haka abin yake ga 'yan ƙwallon Djougou bayan azumi. Wannan abin a yaba ne.

Abin da ke damunmu shi ne yadda wasu, da zarar jiki ya yi tsami, sai su nufi masu tallar magani su sayi Diclofenac ko Tramadol, su ci gaba da gudu.

Tsamin jiki kan fara ne kwana guda bayan atisaye, ya tsananta a kwana 2 zuwa 3, ya lafa cikin mako. Abin da yake buƙata shi ne hutu, shan ruwa, ɗan tattaki da ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Amma haɗa Diclofenac da ƙishirwa cikin zafin rana na iya lahanta ƙoda. Wanda fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, ya garzaya asibiti nan take.

Muna kira ga masu horarwa da su faɗakar da yaransu. Sannu ba ta hana zuwa.