Sharhi: Kuɗin tallafin talakawa, wa ke amsa tambaya idan sun salwanta?

A ranar 8 ga Janairun 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya dakatar da Ministar Harkokin Jinƙai da Yaƙi da Talauci, Dakta Betta Edu, ya kuma umarci hukumar EFCC ta binciki hada-hadar kuɗin ma'aikatar. Musabbabin dakatarwar wata takarda ce mai ɗauke da kwanan watan 20 ga Disambar 2023, wadda a cikinta ministar ta nemi Akanta-Janar ta Tarayya ta tura sama da naira miliyan 585 zuwa asusun banki mai ɗauke da sunan wata jami'a. An ce kuɗin na tallafa wa marasa galihu ne a jihohin Akwa Ibom da Kuros Riba da Ogun da Legas. Ɓangaren ministar ya musanta aikata laifi, yana cewa jami'ar ita ce akantar shirin. Ofishin Akanta-Janar kuwa ya ce bai biya kuɗin ba, domin ba a zuba irin waɗannan kuɗaɗe a asusun mutum ɗaya.

Ko an yi laifi ko ba a yi ba, wannan hurumin kotu ne. Abin da ya fi shafar jama'a shi ne yadda maganar ta fito fili. Ba Babban Mai Binciken Kuɗi ne ya bankaɗo ta ba, ba kuma wani kwamitin majalisa ba. Takardar ce ta sulale daga ofis ta faɗa shafukan sada zumunta. Da ta tsaya a cikin fayil, da wuya talakan da aka nemi kuɗin da sunansa ya ji labari.

Ga shi kuwa ba a rasa doka ba. Sashe na 713 na Ƙa'idojin Kuɗi na Gwamnatin Tarayya na 2009 ya hana zuba kuɗin gwamnati a asusun wani mutum, har ma ya ce jami'in da ya yi haka za a ɗauka yana da niyyar zamba. Tun 2015 aka tilasta wa ma'aikatu amfani da asusun bai-ɗaya na gwamnati. A Disambar 2019 an buɗe shafin intanet na baitulmali, inda aka wajabta wa kowace ma'aikata ta wallafa duk kuɗin da ta biya da ya haura naira miliyan 5. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumomi kwana bakwai su amsa wa duk wanda ya nemi bayani. Dokokin suna nan a rubuce. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai bibiyar su kafin kuɗi su fita.

Ma'aikatar, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa a 2019, ta sha fama da irin wannan zargi. Kwanaki kaɗan kafin dakatar da Betta Edu, an dakatar da shugabar hukumar shirye-shiryen tallafi ta NSIPA, Halima Shehu, bisa zargin fitar da kimanin naira biliyan 44 daga asusun hukumar. A cikin watan ne EFCC ta yi wa tsohuwar minista Sadiya Umar Farouq tambayoyi kan wasu naira biliyan 37.1, ita ma ta musanta hannu a ciki. Zuwa Afrilun 2024 hukumar ta ce ta ƙwato kimanin naira biliyan 30, tana kuma binciken asusun banki 50. Idan zargi iri ɗaya ya bi gwamnatoci biyu da shugabanni uku a gida ɗaya, to dole a duba gidan kansa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Warin daddawar ya fara ne daga yanayin kuɗin. Idan aka ba da kwangilar hanya, kowa zai iya zuwa ya ga ko an zuba kwalta. Kuɗin tallafi kuwa ana rarraba su ne ƙanana-ƙanana ga miliyoyin mutane, da yawansu a ƙauyukan da babu banki, kuma ba su san nawa aka ware musu ba. Wanda bai san an rubuta sunansa ba, ba zai yi ƙorafin ba a biya shi ba. Shi ya sa komai ya rataya a kan rajistar masu cin gajiya. A Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta nuna rashin amincewa da sahihancin rajistar da aka gada. Wata uku bayan haka gwamnati ta ƙaddamar da shirin ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har tsawon wata uku. Bayan wannan kuma akwai rancen dala miliyan 800 na Bankin Duniya don shirin tallafi, bashin da 'yan ƙasa ne za su biya.

Matsala ta biyu ta tsarin mulki ce. A Jamhuriya ta Farko, kamar yadda yake a Birtaniya har yau, minista ɗan majalisa ne, yana tsayawa gaban takwarorinsa ya amsa tambaya. Tun daga 1979 Nijeriya ta koma tsarin shugaba mai cikakken iko. Majalisar Dattawa na tantance minista sau ɗaya, daga nan makomarsa na hannun wanda ya naɗa shi. Sashe na 88 na kundin tsarin mulki ya ba majalisa ikon bincike, amma ba ta da ikon tsige minista. A cikin ma'aikata kuma, babban sakatare ne ƙa'ida ta ɗora wa alhakin kuɗi, alhali minista ne ke ba da umarni. Kowane ma'aikacin gwamnati ya san inda wannan ke kaiwa: na sama ya ce ba shi ya biya ba, na ƙasa ya ce umarni ya bi.

Wanda ya fara ɗanɗana kuɗarsa kuwa shi ne mai jiran tallafin. A ranar 12 ga Janairun 2024 aka dakatar da shirye-shiryen NSIPA na tsawon mako shida, ciki har da N-Power da ciyar da 'yan firamare da rancen ƙananan 'yan kasuwa, a daidai lokacin da cire tallafin man fetur ya tsauwala farashin abinci. An bar jaki ana dukan taiki. Arewa ce ta fi jin wannan a jika, domin alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 sun nuna mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke.

A Oktoban 2024 aka naɗa Farfesa Nentawe Yilwatda ya maye gurbin Betta Edu, ba tare da an gabatar wa jama'a rahoton binciken ba. Wannan bai yi wa kowa adalci ba. Idan tana da gaskiya, ta cancanci a wanke ta a bainar jama'a. Idan akwai laifi, jama'a sun cancanci ganin hukunci. Shirun ya koya wa masu riƙe da muƙami cewa iyakar abin da za a rasa kujera ce, ya kuma koya wa ƙananan ma'aikata cewa fallasa ba ta kai ko'ina.

Gyaran bai buƙatar sabuwar hukuma. Sharaɗin haɗa biyan tallafi da lambar NIN da ta BVN mataki ne mai kyau, muddin an kai rajistar ƙauyuka don kada a bar mafi buƙata a baya. Sai a ƙara da wallafa adadin gidajen da aka biya da jimillar kuɗin a kowace mazaɓa, duk wata uku, a liƙa a sakatariyar ƙaramar hukuma, a kuma karanta a rediyo da harsunan gida. Kwamitocin majalisa su sa wa ministan ranar bayyana a gabansu a zaman da 'yan jarida za su halarta, ba sai an yi ihu bayan hari ba. Duk binciken da aka buɗe kan minista a sa masa wa'adi, a kuma fitar da sakamakonsa. Babban sakataren da aka ba umarnin da ya saɓa ƙa'ida ya samu kariyar doka idan ya ƙi a rubuce.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ba ya ba yaron shagonsa kuɗin sari sai da lissafi, kuma ba ya jiran kaya su ɓace kafin ya duba littafi. Abin da ake nema ga minista mai riƙe da biliyoyin marasa galihu bai wuce wannan ba.