Taɓa Sifirin Mota A Gida: Kada Garin Neman Gira Mu Rasa Ido

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta rabu da kwalta a Gijiba ta nufi Cholire da Rai Buba, ko kuma yake cin kasuwar Tuboro da Mbaibum, ya san cewa mota a wurinmu ba abin ado ba ce. Ita ce jakinmu, ita ce shagonmu, sau da yawa ma ita ce dukkan jarin gida. Wannan ne ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana a kan wata ɗabi'a da ke ƙara yaɗuwa a tsakaninmu, wato taɓa sifirin da shakazoba na mota a ƙofar gida ko a gindin bishiya, ba tare da sani ko kayan aiki ba.

Abin ya kasu gida biyu. Samarinmu na Garwa, waɗanda suka ga motocin Turai a waya, so suke su rage wa mota tsawo har cikinta ya kusa shafar ƙasa, wai don ta yi kyau. Mu kuma iyayensu 'yan kasuwa, ƙara wa mota sifirin muke yi ta ɗaga baya sama, domin ta ɗauki lodin da ba a ƙera ta dominsa ba. Muna yi wa yaran dariya, alhali kuwa laifinmu ya fi nasu girma, domin su galibi motarsu kaɗai suke ɓatawa, mu kuwa har da fasinja da kayan amana muke ɗauka.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san aikin waɗannan ƙarafa biyu. Sifirin, ko mai murɗe ne ko mai falle-falle irin na akori-kura, shi ne yake ɗauke da nauyin mota. Ita kuwa shakazoba ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta shi ne ta hana sifirin yin ta tsalle bayan an faɗa rami, ta yadda taya za ta zauna a ƙasa. Tayar da ba ta taka ƙasa kuwa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Masu ƙera mota sun auna waɗannan biyun tare ne, kamar yadda tela ke auna riga da wando. In ka canja ɗaya ka bar ɗaya, ka raba su ke nan.

Mu fara da masu rage tsawo. Wannan al'ada tana da asalinta. A filin tseren mota ana sauke mota ƙasa ne don kada ta karkata a kwana, kuma filin nan sumul yake kamar faranti. A Amurka, 'yan asalin Meziko na birnin Los Anjalis sun mayar da abin ado tun shekarun 1940, har jihar Kalifoniya ta kafa masa doka a 1958, ba a ɗage ta ba sai a farkon 2024. To, su da kwaltarsu ma sai da hukuma ta sa baki. Mu fa? Sifirin da kamfani ya yi musamman don wannan aiki yakan sauke mota da kamar santimita 3 zuwa 4, kuma ya fi na asali tauri, ana kuma haɗa shi da gajeriyar shakazoba da ta dace da shi. Amma abin da ake yi a nan daban ne. Sai a ɗauko sifirin asali a yanke masa zagaye ɗaya ko biyu, ko mai walda ya gasa shi da wuta har ya zauna. Ƙarfen da aka gasa ya rasa ƙarfinsa, ranar karyewarsa kawai ake jira. Wanda aka yanke kuma ba ya zama daidai a mazauninsa, in taya ta rataya a rami yana iya zamewa.

A daminar bara mun ga wani yaro, ɗan wani abokin kasuwancinmu, da ya sauke motarsa ƙasa ya taho biki daga Garwa. Bai kai Cholire ba dutse ya fasa masa kaskon bakin mai. Bai lura ba ya ci gaba da tafiya har injin ya kama. Kuɗin da aka kashe wajen jawo motar da sayen wani injin ya isa jarin ƙaramin ɗan tireda. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Hanyar burji mai gargada, da mashigin mayo da ruwa ke cinyewa kowane watan Agusta, ba su san ado ba.

Yanzu mu dawo kanmu. Tun zamanin Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, direbobin kan iyaka suka koyi ƙara falle biyu ko uku a baya, ko cusa guntun taya a tsakanin murɗin sifirin. Yau haka ake yi wa Hilux da Hiace da ƙananan Toyota masu jigilar masara, gyaɗa, siminti da jarkokin mai. Muna cewa mota ta yi ƙarfi. Gaskiyar magana ita ce, sifirin kaɗai ya yi ƙarfi. Birkin nan shi ne na da, tayar nan ita ce ta da, haka ma ƙarfen da tayoyin ke juyawa a kai. Abin da muka yi kawai shi ne mun toshe bakin motar. Da, in lodi ya yi yawa sai ta zauna, kowa ya gani ya ce a rage. Yanzu tana tsaye ƙyam, ba mai sanin ta gaji sai ta faɗi.

Ga lissafi mai sauƙi. A jikin kowace taya akwai lamba bayan girmanta. In ka ga 91, to iyakar abin da tayar za ta ɗauka kilo 615 ne, in 82 ce kilo 475. Tayoyin baya biyu masu lamba 91 ke nan kilo 1,230, kuma nauyin ita kanta motar ya riga ya ci wani kaso a ciki. Sai mu zo mu ɗora buhu goma na masara, kowanne kilo 100, galibinsu a baya, mu ɗora mutane a kai, mu kama hanya a zafin watan Afrilu. In taya ta fashe sai mu ce tsautsayi. Ita ma akori-kura irin Hilux, abin da aka yi ta domin ɗauka bai wuce tan ɗaya ko kusa da haka ba, kuma nauyin da aka yarda mata yana rubuce a takardar mota.

Akwai wani abu kuma da yawancinmu ba mu sani ba. Da yawa daga cikin tsofaffin akori-kura suna da wata 'yar na'ura a baya mai auna yadda bodi ya sauka, in ta ga mota ta zauna sai ta ƙara wa birkin baya ƙarfi. In ka ƙara sifirin mota ta daina zama, na'urar za ta ɗauka ba kaya, sai ta bar wa birkin gaba yawancin aikin. Wanda ya taɓa saukowa gangaren Mbe a hanyar Ngawundare da cikakken lodi ya san abin da zafin birki yake nufi. Bugu da ƙari, motar da aka ɗaga aka kuma tula mata kaya a sama ta fi saurin kifewa a kwana.

Mun san abin da za a ce mana, domin mu ma a kasuwar muke. Riba ta yi ƙaranci, mai ya yi tsada, ga shingaye a hanya, kowanne da abin da ake ajiyewa. In ka yi sawu biyu, ka biya sau biyu. Wannan gaskiya ne, kuma muna da haƙƙin mu yi kuka da shi. Haka nan muna da haƙƙin mu tambayi hukuma dalilin da ya sa hanyar Ngawundare zuwa Tuboro da Mundu ta sami kwalta tun shekarun 2000, amma ƙauyukan da ke noma audugar da abincin suke kukan hanya duk damina. To amma fa kukan shinge ba ya mayar da ran da ya tafi. Wanda ya kifar da mota ya yi asarar kaya, da motar, da amanar mutane, wani lokaci har da shari'a, kuma kamfanin inshora yana iya cewa ba ruwansa da motar da aka canja wa ƙira aka yi wa lodi fiye da ƙima.

Ba muna cewa kada mutum ya taɓa motarsa a gida ba ne. Wanda yake kwana biyu tsakanin Madingirin da Tuboro dole ya iya wani abu da hannunsa. Amma a yi shi bisa ƙa'ida. Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga, a sa mata matokari mai ƙarfi a kan ƙasa mai tauri, a kuma tare tayoyi. Sifirin mai murɗe da ke matse yana riƙe da nauyin ɗaruruwan kilo, kada a kwance notin samansa sai an kama shi da abin matsewa na ainihi, ba igiya ko waya ba, domin in ya kuɓuce yana karya hannu ko fuska. A canja shakazoba bibbiyu, hagu da dama tare. A ɗaure notocin roba bayan an sauke mota ta tsaya a kan tayoyinta. Daga nan a kai ta Garwa ko Ngawundare a saita ƙafafunta, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye gefe ɗaya cikin 'yan makonni. Wanda kuma sana'arsa lodi ce, ya nemi sifirin da shakazoba masu ƙarfi da aka yi wa irin motarsa, ya kuma sani cewa ko da su bai sami izinin wuce nauyin da ke takarda ba.

A ƙarshe muna kira ga shugabannin tasha da na ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Rai Buba, Cholire, Tuboro da Mbaibum da su haɗa kuɗi su sayi abin matse sifirin da matokarai a ajiye a tasha kowa ya ara, su kuma tsayar da adadin buhun da kowace irin mota za ta ɗauka, wanda ya ƙetare a hana shi layi. Mu masu kaya kuma mu daina matsa wa direba da cewa ƙara buhu ɗaya ba komai. Su kuma iyaye, in yaro ya zo da maganar sauke mota ƙasa, a tambaye shi a wace hanya zai tuƙa ta.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa albarka a nemanmu, amin.