Gona Ma Akan Bar Ta Ta Huta



Ya ku 'ya'yana ɗalibai, an ce in rubuta muku nasiha game da hutun bazara. Na ɗauki alƙalami da niyyar yi muku faɗa kan yawo da latsa waya, sai na tuna ni na fi kowa buƙatar faɗan. To, bari in fara da kaina.

Shekaru da dama tsarina ɗaya ne. Bayan asuba karatun manya a masallaci, da hantsi ina aji tare da ku, da la'asar ina hawasha, bayan isha'i masu hadda na jirana a rakuba. In an ba da hutu sai in ƙaro wani darasin. In mai ɗakina ta yi magana, in ce mata, "Hutu sai a Aljanna." Ina faɗa ina jin daɗi, ina ɗauka tsoron Allah ne.

Bara aka aiko mini cewa abokina na Mai Wurno yana kwance. Tare muka wanke allo, tare muka yi sauka. Daga Hasahisa, ka bi ta Madani da Sinnar, tafiyar 'yan awoyi ce a mota. Na ce sai an yanke alkama. Aka yanke, na ce sai an gama jarrabawa. Aka gama, na ce sai na ɗan ci gaba da darasin hutu. Ƙarshe dai na je, amma ta'aziyya na je. Babban ɗansa ya ce mini, "Baffa, duk lokacin da ya ji tsayuwar mota sai ya ce a leƙa ko kai ne." Wallahi har yau maganar nan ba ta bar ni ba.

Abin da na koya shi ne: hutu da zumunci haƙƙi ne, kamar yadda aiki da karatu suke haƙƙi. Wanda ya tauye su ya ci bashi, ko da kuwa a kan buzun karatu ya tauye su.

Ku dubi ƙasar da muke ci. Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman Jazira, an tsara shuka bi da bi: bana auduga, wata shekarar dawa ko lubiya, wata kuma a bar filin bur, ba a taɓa shi. Kakanninmu da suka tsinci auduga a nan sun san dalili: ƙasar da ba ta huta ba, amfaninta raguwa yake. Haka malamanmu na allo, tun daga ƙasar Hausa, suke ajiye karatu Alhamis da Juma'a. Shin su ba su san darajar Alƙur'ani ba ne?

Kun karanta labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah Ya yarda da su, waɗanda Manzon Allah (SAW) ya ƙulla wa 'yan'uwantaka. Salmanu ya kai ziyara, ya tarar abokinsa ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har iyalinsa sun shiga wani hali. Ya ƙi cin abinci sai sun ci tare. Da dare ya hana shi tashi sai can ƙarshen dare, suka yi salla tare. Sannan ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowanne na da rabonsa. Da maganar ta kai ga Annabi (SAW) sai ya gaskata Salmanu. Ku lura fa, aboki ne ya gano ciwon, kuma ziyara ce ta kai shi. Wanda ya yanke abokansa, wa zai gaya masa gaskiya?

Na san wani zai ce, "Malam, ai hutu na mai shi ne." Gaskiya ne, da yawanku za ku yi hutun nan kuna tura karo a kasuwa, ko buga jan bulo a bakin kogi, don ku taimaki gida ku sayi littattafan baɗi. Wannan aikin lada ne, ban ce ku bari ba. Amma ƙailula ba a saye ta da kuɗi. Gaida abokin da ba shi da lafiya, ƙafa kawai yake so. Iyaye, don Allah, in rana ta take tsaka a bar yaro ya kwanta a inuwa.

Kada kuma wani ya je gida ya ce Malam ya halatta barci har azahar. A'a! Filin bur ma ana sane da shi, ba yasar da shi aka yi ba. Salla a kan lokacinta. Mai hadda ya riƙe izu ɗaya kullum bayan asuba, cikin wata biyu ya zagaye sittin. Aiki da sanyin safiya, hutu da rana, 'yan'uwa da abokai da yamma, waya kuma a kashe ta bayan isha'i.

Ni dai bana na soke darasin daren Alhamis. Akwai wani abokina tsallake a Rufa'a, gada kawai ke tsakaninmu, shekara biyu ban sha jabanarsa ba. Da shi zan fara. Kai ma, kafin ka rufe littafin nan, ka ambaci sunan mutum ɗaya da ka daɗe ba ka leƙa ba, ka sa rana.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa albarka a lokacinmu, Ya haɗa fuskokinmu lafiya da faɗuwar damina. Amin.

Wassalam,
Malaminku