Ɗage Shari'ar Yaran Riƙo Ya Isa Haka!



Idan uwa ta rasu aka ba wata riƙon yaro, dangi suka yi saɓani, kotu ce ke yanke inda zai girma. To don me ake ɗage zama wata bayan wata? Yau alƙali ya yi tafiya, gobe rahoton jami'in walwala bai iso ba. Sai yaro ya shaƙu da mai riƙonsa, rana ɗaya a ɓamɓare shi yana ihu. Wallahi zalunci ne!

Masu cewa wannan maganar maza ce, ku saurara. A Malikiyya, bayan uwa, kakar wajen uwa ce gaba wajen haƙƙin reno. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 kuma ta ce a kotun iyali ta majistare, cikin mataimakan alƙali biyu dole a samu mace.

Don haka kowace shugabar mazaɓa ta tattaro mana shari'o'in da suka maƙale a yankinta. Za mu kai wa 'yan majalisarmu na jiha, su sa wa irin wannan shari'a wa'adi a doka. Da ƙuri'armu suka hau.

A tura wa sauran zauruka. Allah Ya raya mana zuri'a.

Taku, Shugabar Mata