Kimiyya Da Sana'a: Na'ura Ma Tana Da Halinta

Yau za mu taɓo wani fanni da ɗaliban injiniya suke koya, watau gano halin na'ura ta hanyar gwaji.

Ga yadda abin yake. A samu tankin ruwa mai ƙaramar ƙofa a gindinsa, famfo yana zuba masa ruwa daga sama, har ruwan ya tsaya a wuri guda. Sai ɗalibi ya ƙara buɗe famfon kaɗan, ya riƙe agogo, yana rubuta tsayin ruwan kowace daƙiƙa 10. Ruwan zai yi ta hawa, da sauri tukuna, sa'an nan a hankali, har ya tsaya a sabon matsayi. Lokacin da ya ɗauka kafin ya ci kashi 63 cikin 100 na wannan hawan, shi ne ma'aunin saurin tankin. Da wannan adadi ɗalibi zai tsara lissafinsa, kana ya sake gwaji don ya ga ko lissafin ya faɗi gaskiya. Injiniyoyi biyu na Amurka, Ziegler da Nichols, sun shimfiɗa irin wannan dabara tun 1942.

To, me ya sa ba za a tsaya ga littafi ba? Domin adadin da ke rubuce jikin inji a masana'anta aka auna shi. Injin da ya sha ƙurar hunturu da zafin Afrilu na Maiduguri, wanda yakan wuce digiri 40, halinsa ya sauya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kada a ɗauki wannan wasan yara. Madatsar ruwa ta Alau, wadda ambaliyarta ta cinye unguwannin Maiduguri a 1994 da kuma Satumban 2024, ita ma tanki ce babba: ruwa na shiga, ruwa na fita. Ana bukatar injiniyoyi masu iya auna shigarsa, su faɗi lokacin cikarta tun da sauran dama.

Saboda haka muna kira ga Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, da Kwalejin Fasaha ta Ramat, su sa kowane ɗalibi ya yi wannan gwaji da hannunsa kafin ya karɓi takardar shaida. Tanki da famfo da agogo ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.