Gidan Haya Mai Daɓen Katako: Ado Ko Jidali?

'Yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu masu karanta wannan mujalla, akwai wani yayi da ya kama a manyan gidajen Legas da Abuja, ga shi kuma yana leƙo garuruwa matsakaita irin su Zariya da Bauci. Watau a shimfiɗa katako a ƙasan ɗaki maimakon siminti ko tayil, sa'an nan a ɗora wa gidan kuɗin haya fiye da na maƙwabcinsa. Da yawa daga cikinmu, in Allah ya kai mu, nan da 'yan shekaru za mu nemi wurin zama a inda karatu ko aiki ya kai mu, kuma galibi daga aljihun iyayenmu kuɗin farko zai fito. Ra'ayina shi ne, ɗan haya a ƙasar nan bai kamata ya ƙara ko sisin kwabo saboda daɓen katako ba.

Ba na cewa abin banza ne. A inda ya fito yana da dalili. A Amurka da Turai, inda ƙanƙara ke sauka, siminti yakan yi sanyi har taka shi ya gagara, katako kuwa ba ya ɗaukar sanyi haka. Ga su da dazuzzuka masu itatuwa masu tauri, ga shi ya fi kafet sauƙin shara. Amma ko a can ɗan haya ba sakaka yake ba. Yakan ajiye kuɗi wurin mai gida, sau da yawa kamar hayar wata guda, a cire abin da ya ɓata ran da zai tashi. A birnin New York ma yarjejeniyoyin haya da yawa sun wajabta wa mazaunin bene ya rufe kashi 80 cikin 100 na daɓen da darduma, don ƙarar takunsa kada ta dami na ƙasa. To, ka biya kuɗin kyan katako, sa'an nan a ce ka lulluɓe shi!

Yanzu mu dawo gida. Katako yana shan laimar da ke cikin iska ya kumbura, in iska ta bushe ya tsuke. Masana wannan sana'a a Amurka sun ce ya fi zama lafiya in laimar ɗaki tana tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Mu kuwa da hunturu takan faɗo ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ta wuce kashi 70. Duk wanda ya zauna a makarantar kwana ya ga aikin wannan a ƙofar ɗakin kwanansu: da damina sai an sa kafaɗa kafin ta rufu, da hunturu kuwa har ana hango waje ta tsagar jikinta. Abin da ya sami ƙofa shi zai sami daɓe. Ban ma zo kan gara ba, wadda ke cin katako daga ciki, ba a ankara sai ƙafa ta burma.

Kakanninmu sun san wannan. Da za su sa itace a gini sai suka zaɓi azarar giginya, don gara ba ta cika iya mata ba, kuma a rufi suka sa ta. Ƙasan ɗaki kuwa mata ke taruwa su daɓe shi da tsakuwa da madaɓi, suna yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa har ya yi tauri da sheƙi. Ba ina kira a koma ga wannan ba ne, siminti da tayil sun wadatar. Amma a lura, masu wancan daɓe sun yi shi ne daidai da zamanmu. Mu mutane ne masu buta da alwala sau biyar a yini, masu goge ɗaki da ruwa, masu kaskon turaren wuta, masu ƙannen da ke jan kujera daga wannan kusurwa zuwa waccan. Garwashi ɗaya in ya faɗo kan siminti sai a share toka. In ya faɗo kan katako, tabon na nan har ranar tashi.

Ranar tashin nan ita ce babbar magana. A wurinmu ɗan haya yakan biya kuɗin shekara guda gaba ɗaya, ya biya la'adar dillali, sau da yawa kashi 10 cikin 100, wasu masu gidaje kuma su karɓi kuɗin ajiya saboda ɓarna. In shekara ta zagayo mai gida ya zo ya ga katako ya buɗe baki, wa zai raba gardama cewa hunturu ne ya yi, ba ɗan haya ba? Kuɗin yana hannun mai gida, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. Ashe ɗan haya sau biyu zai biya daɓen da ba nasa ba, da farko a kuɗin haya, daga baya a kuɗin gyara. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Bugu da ƙari, ba duk abin da dillali ya kira katako ba ne katako. Na gaske, irin na loko ko maɗaci, in ya ƙarce ana iya goge samansa a sake shafa masa mai. Amma akwai wanda garin katako ne aka matse, aka manna masa hoton itace a sama. Wannan in ruwa ya kwana a kansa sai bakinsa ya tashi, ba shi da magani sai canji.

Wanda duk ya ga lalle sai irin wannan gida, to, kada ya yi cinikin biri a sama. Ya je ya duba shi da damina, ya ɗaga darduma, ya ƙwanƙwasa gindin bango ko gara ta shiga. Ya ɗauki hoton kowane ɗaki ran da ya karɓi makulli, a kuma rubuta a takardar yarjejeniya, gaban shaidu, cewa tsagar hunturu da cin gara suna wuyan mai gida. Kafin duk wannan ma, ya tambayi maƙwabta ko rijiyar gidan tana kai watan Afrilu da ruwa.