Air Afrique ya mutu, ina lissafin?

Na zaga shagunan littattafai na Yamai ina neman tarihin yadda aka tafiyar da Air Afrique, na dawo hannu Rabbana. Kamfanin jiragen saman da ƙasashe 11, har da Nijar, suka kafa a Yawunde a 1961, ya rushe a 2002. Waɗanne gwamnatoci suka yi ta hawa bashi, suka ƙi biya? Su wa suka cusa ƴan uwansu aiki? Bafaranshe Yves Roland-Billecart, da aka damƙa wa kamfanin a 1989, me ya gyara? Karya darajar sefa a 1994 ba zai wanke kowa ba. Tsofaffin ministocin sufuri, ku ɗauki alƙalami! Muddin kuka yi shiru, gobe wasu za su kafa wani da kuɗin talaka, su sake kashewa.